Littafin Bashi Muna da Shi, Ina Littafin Unguwa?



Babu ɗan kasuwa a Jimeta da ba ya rubutu. Daga mai shagon atamfa a babbar kasuwa har mai teburin goro a bakin tasha, kowa da littafinsa na bashi, wani a aljihu, wani a ƙarƙashin teburi an danne shi da dutse. Wane ya karɓi turmi biyu ranar kaza, ya ba da rabi, saura kaza. Ban taɓa jin wanda ya ce ba zai rubuta bashin da yake bin mutane ba sai ya yi digiri, ko sai hankalinsa ya kwanta, ko sai Hausarsa ta zama irin ta gidan rediyo. Ana cikin hayaniya, mai saye yana tsaye, za a zaro biro a rubuta, don kowa ya san abin da ba a rubuta ba ya bi ruwa. Addini ma bai bar mu haka nan ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, can wajen ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

To amma a ce wa mutumin nan ya zauna ya rubuta yadda kakansa ya zo garin nan, ko yadda sana'ar gidansu take tun farkonta, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ni wa?" Waɗanda ba su ce "ni wa" ba kuma, su ne masu "zan rubuta". Shekara da shekaru ina jin wannan kalma a bakin malaman makaranta, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da malaman zaure, da iyayenmu mata masu koyarwa a Islamiyya. Zan rubuta in na huta. Zan rubuta in yara sun gama makaranta. Zan rubuta in na dawo daga Hajji. Wasu daga cikinsu ni na tsaya gaba aka yi musu salla, Allah ya jiƙan su da rahama, kuma ko shafi ɗaya ba a tarar a cikin kayansu ba.

Ni dai ban yarda cewa talauci ne ko rashin boko ya hana mu ba. Mu muka ɗauki littafi muka rataye shi can sama inda hannu ba ya kai wa, muka mai da shi kayan manya, sannan muka zauna a majalisa muna jiran wanda zai miƙa hannu mu yi masa dariya. Da masu wannan dariyar nake, da kuma masu jin tsoronta.

Bari mu fara duba abin da muka yi asara, don wani yana gani kamar maganar nishaɗi ce. A shekarar 1851, shekara goma kacal bayan Modibbo Adama ya kafa Yola, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai ya shigo Yola. Ko mako guda bai cika ba Lamiɗo Lawal ya ce ya koma inda ya fito. Ga shi baƙo, ga zazzaɓi, ga kora, amma sai da ya rubuta yadda ya ga garin, da hanyoyin fatake, da sunayen garuruwan ƙasar Fombina, har yau duk mai binciken tarihin Adamawa sai ya buɗe littafinsa. Mutumin da bai yi mako ba ke nan. Mu da muka binne kakanni da iyaye a ƙasar nan fa?

Bayansa an yi ta rubutu. Rupert East ya tattara labaran tsohuwar Adamawa da Fulatanci a shekarun 1930. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin nan, ya fitar da littafinsa kan Adamawa a 1958. Farfesa Sa'ad Abubakar ya rubuta tarihin Lamiɓen Fombina a 1977, Martin Njeuma na Kamaru ya fitar da nasa a 1978. Duka aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Amma abin da suka sa gaba shi ne sarauta da jihadi da mulki, kuma haƙƙinsu ne, kowa da abin da ya dame shi. In ka nemi Bahaushe a ciki, za ka same shi a gefe: fatake sun zo, fatake sun sayi haure, fatake sun wuce. Wane bafatake? Ɗan wane gida? Daga Kano ya taso ko daga Katsina ko daga Adar? A gidan wane fatoma ya sauka? Wa ya ba shi 'ya? Wannan ba aikinsu ba ne. Namu ne, kuma ba mu yi ba.

Madugu guda ɗaya nake so ku riƙe sunansa: Madugu Mai Gashin Baki. Bakano ne, ya yi shekaru yana jan ayari zuwa ƙasar Adamawa, har su Banyo da Tibati da Ngaundere, neman hauren giwa. Shi ya yi wa Bajamushen nan Flegel jagora lokacin da ya zo ƙasar nan a 1882, daga baya Flegel ya tafi da shi har Balin, babban birnin Jamus, a 1884, ya kuma rubuta labarin rayuwarsa aka buga da Jamusanci. Dalilin da ya sa yau aka san inda ya bi da abin da ya saya ke nan. Madugai nawa ne irinsa suka bi hanyar nan, wasu ma sun fi shi dukiya da jama'a? Sunansu ya tafi tare da jakunansu, don ba su haɗu da Bature mai alƙalami ba. Abin kunyar shi ne, har yanzu jiran Bature mai alƙalami muke yi, sai dai yanzu ya zama ɗalibin jami'a mai riƙe da takardar tambayoyi, ya zo ya yi awa ɗaya da tsoho, ya tafi ya rubuta da Turanci, ya ajiye a ɗakin karatun da ɗan tsohon ba zai taɓa shiga ba.

Ku tsaya ku saurari sunayen unguwanninmu kawai. Wuro Hausa a cikin Yola. Adarawo. A nan Jimeta ga Gwadabawa, ga Alkalawa, ga Limawa, ga Yelwa. Duk mai kunnen Hausa ya san waɗannan sunaye magana suke yi. Tara yaran unguwa goma ka tambaye su wa ya fara kafa bukka a inda suke kwana, ka ga ko biyu za su amsa. Haka zancen bakin ruwa. Jimeta da kogi ta girma. Da damina, in Binuwai ya cika, jiragen ruwan kamfani suna hawowa da gishiri da kananzir da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro. Akwai 'yan dako, akwai dillalai, akwai akawun kanti, akwai matan da suke dafa wa ma'aikatan jirgi abinci, kuma da yawansu iyayenmu ne. Na san wani dattijo a layinmu da ya yi dako a bakin ruwan nan yana saurayi. In ya fara ba da labarin ranar da jirgin farko na shekara yake isowa, da yadda ake rabon aiki, da abin da ake biya a kan buhu, har mai shayi sai ya bar tukunyarsa ya matso. Kowa ya ce, "Kai, wannan ya kamata a rubuta." Kowa ya ce, kowa ya tashi ya tafi gida. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Kada wani ya ce wannan ƙawa ce. Duk wanda ya taɓa raka ɗansa neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, aka dube shi aka ce, "Ku asalinku daga ina?" ya san nauyin maganar. Ba ina cewa littafi zai maye gurbin takardar hukuma ba, kuma ba ina kiran kowa ya yi rubutu don neman rigima da maƙwabta ba. Fulani da Bata da Vere da sauran waɗanda muka tarar, kowa yana da tarihinsa da haƙƙinsa, mun yi auratayya, mun yi ciniki, mun yi jana'izar juna. Amma mutumin da ba ya iya faɗin shekarar da gidansu ya zauna a wuri, da sunan wanda ya ba su filin, da aikin da suka yi wa garin, kullum a bakin ƙofa za a bar shi, ko da kakan kakansa a nan aka haife shi. Yaro kuma in bai san abin da gidansu ya gina ba, ba ya jin ciwon rushe shi.

Yanzu mu zo kan uzurori. Babbansu shi ne, "Ban yi boko mai zurfi ba." Ni ma ban yi ba, Islamiyya na yi, sai kasuwa. Amma wa ya ce da boko aka fara littafi a ƙasar Hausa? Alhaji Umaru, wanda ake kira Imam Umaru, an haife shi a Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro har Salaga, ya ƙare a matsayin limamin zangon Hausawa a Kete-Krachi, cikin ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Ku lura da kyau: limamin unguwar baƙi ne a ƙasar wasu, kamar yadda ake kallon mu a nan. Da ajami ya zauna ya rubuta yadda Hausawa suke noma da saƙa da rini da fatauci, da tarihin garuruwansu, ban da waƙoƙinsa na Larabci da Hausa. Yau masana a jami'o'in duniya da rubutunsa suke gane yadda ƙasar Hausa take kafin zuwan Turawa. Bai jira wani ya ba shi izini ba, kuma bai raina zancen marina da masaƙa ya ce ba ilimi ba ne.

Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ya yi Imfiraji da ake rerawa har a ƙofar masallacinmu. Yana faɗa ana rubutawa. Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta karatu ba ta rubutu, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau wajen 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin harin bayi har zuwa aure da goyo da kishi, aka buga a 1954, ya zaga duniya. A zamaninmu kuma ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, ta dawo ta yi karatun manya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ga Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda da allo ya fara, bokonsa a ajin manya ya same shi, kuma In Da So Da Ƙauna ya shiga kusan kowane gida a Arewa. In ajami ka iya, rubuta da ajami. Har yau yana jikin takardar naira dubu, ba wanda ya ƙi karɓarta saboda shi. Jikanka zai juya maka shi zuwa boko a kwamfuta.

Sai uzurin da ya fi damun mu mutanen Adamawa, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba: kunyar Hausarmu. Mun san abin da ake cewa. Ka je Kano saro kaya, ka buɗe baki, yaron shago ya yi murmushi ya ce, "Alhaji daga Yola ko?" Yaranmu da suka tashi cikin Fulatanci da sauran harsuna sukan haɗa namiji da mace a magana, ƙa da ka duk ɗaya ne a bakinsu. To sai me? Gyaran ƙa'idar rubutu aikin kwana biyu ne ga malamin Hausa, kuma muna da su a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Yola da makarantun sakandare. Abin da malamin Hausa ba zai iya ba shi ne ya ƙirƙiro maka abin da kakarka ta gaya maka. Ni ma ina roƙon masu gyaran, in an kawo muku, ku gyara ƙugiya da rabon kalma, amma ku bar wa tsoho maganarsa. In ya ce wuro, ku bar masa wuro. In ya ce modibbo, kada ku mai da shi malam. Yadda muke magana shi ma tarihi ne, yana nuna da wa muka zauna.

Akwai kuma 'yan'uwana almajirai masu cewa rubuta littafi sai wanda ya ƙure ilimi, kuma suna tsoron riya. A nan sai a raba magana biyu. In littafin hukunci za ka rubuta, halal da haram, gado da saki, to lallai ka tsaya sai malamanka sun yarda ka kai, don kuskurenka zai ɓatar da wani. Wannan ina tare da ku ɗari bisa ɗari, kuma da ma a ce masu fatawa a waya suna jin irin wannan tsoron. Amma labarin yadda aka gina masallacin unguwa, da jerin limaman da suka ja salla a ciki, da littattafan da aka karanta a zauren malam wane daga Ahalari zuwa Risala, da waɗanda suka yi saukar karatu a hannunsa, wannan wace ijaza yake bukata? Gaskiya kawai yake bukata. Zancen riya kuwa, ai ita ba ta bar salla ba ma, kuma ba mu ji an daina salla don tsoronta ba. Niyya ake gyarawa a ci gaba da aiki. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba, kuma cikin hijira da yaƙi suka bar littattafai masu ɗimbin yawa. Nana Asma'u da harshe uku ta yi rubutu, Larabci da Fulatanci da Hausa, ga gida ga karantar da mata. Wani lokacin abin da muke kira tawali'u, in an tone shi, tsoron a ga kuskurenmu ne.

Amma duk cikin abubuwan da suka kashe mana littafi, babu kamar bikin ƙaddamarwa. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri.

Mun wayi gari a ƙasar nan in an ce littafi, abin da yake faɗo wa mutum a rai shi ne zauren otal, da rumfuna, da kujerun roba, da uban taro, da babban baƙo na musamman, da babban mai ƙaddamarwa wanda zai tashi ya ce ya sayi kwafi biyar a kan miliyan kaza, a yi tafi. Saboda haka mai son rubutu, tun bai sa biro a takarda ba, ya fara lissafin wa zai gayyata. In ya duba ya ga bai san kwamishina ba, bai san ɗan majalisa ba, sai ya ce to ni littafina wa zai ƙaddamar? Ya ajiye. Wanda ya san su kuma, sai ya karkata littafin tun daga shafin farko zuwa ga abin da zai faranta wa mai ba da kuɗin rai. Shi ya sa rabin abin da ake bugawa yanzu tarihin masu riƙe da muƙami ne, ga hoto da babbar riga a bango, ciki kuwa yabo ne daga farko har ƙarshe, an haife shi da alamun shugabanci, tun yana yaro ba ya faɗa da kowa. Ran da ya sauka daga kujera, ran nan littafin ya zama na ƙunshe ƙosai.

Na taɓa zuwa irin wannan taro, ba zan faɗi na wa ba. An yi alkawuran kuɗi har mai sanarwa ya shaƙe. Da aka watse na ga kwafin littafin a kan kujeru, waɗanda aka raba wa manyan baƙi, sun tashi sun bar su tare da gorar ruwa. Bayan wata shida marubucin yana yawo ofis-ofis yana bin alkawari, mai maɗaba'a kuma yana bin sa. Wannan roƙo ne da aka sa wa bango, kuma maroƙan gargajiya sun fi mu gaskiya, don su ba su ɓoye sunan sana'arsu ba.

Marubutan Kano da suka cika kasuwa da littattafai tun daga shekarun 1980 ba ta nan suka bi ba. Kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, sai suka tara 'yan kuɗinsu, suka kai ƙananan maɗaba'u, aka buga musu a takarda mai araha, suka kai wa masu shagon littafi a kasuwa, kuɗin kashi na ɗaya ya buga kashi na biyu. An zage su, an ce adabin kasuwa ne. To mu 'yan kasuwa yaushe kasuwa ta zama abin zagi a wurinmu? Su dai an karanta su, har a ɗakunan matanmu a nan Jimeta. Yau abin ya ma fi sauƙi. Kowane shagon kwamfuta zai buga maka rubutunka, a fitar da kwafi talatin ko hamsin a ɗinke, ka raba wa dangi da makarantun unguwa. In an nema ka ƙara. Wanda ya iya haɗa kayan ɗakin 'yarsa, wanda ya iya yanka rago ran suna, kada ya gaya mini kwafi hamsin sun fi ƙarfinsa.

Zancen lokaci ba zan ɓata takarda a kansa ba. Tsakanin sallar Asuba da buɗe shago akwai awa guda da yawancinmu muke kashewa a shafa waya. Shafi ɗaya a rana, wata huɗu ya ba ka shafi 120. Masu jiran ritaya kuma su tuna Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933.

Abin da na fi ganin yana tsayar da masu hankalin cikinmu daban ne, kuma shi ba na yi masa dariya. Tsoron abin da za a tono ne. Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san tarihin gida ba duka yake da daɗin ji ba. Fataken da muke alfahari da su ba haure da goro kaɗai suka yi ciniki ba, har da mutane. Ƙasar Adamawa ta yi suna wajen bayi a ƙarni na 19, kuma Bahaushe yana cikin masu saye da kai wa kasuwannin Arewa. Akwai gidajen da kakarsu ta shigo ta wannan hanya, an sani, ba a faɗa. Akwai wanda ya baro garinsu don bashi, ko don rigimar sarauta, ko don gudun haraji, ya zo nan ya sake suna. Akwai filin da har yau gida biyu ba sa ga maciji a kansa. Mai son rubutu yakan hango duk wannan ya ce, ni ba zan haɗa kaina faɗa da dangi ba.

Amsata ita ce, tsakanin tonon asiri da ƙarya akwai fili mai faɗi. Addini ya hana mu cin naman mutane, rayayyu da matattu, kuma babu wanda ya ce ka kama sunan gidan wani ka ce ga asalinsu. Abin da zai kunyata wani bawan Allah da ke raye, ka bar shi, ko ka cire suna. Amma kada ka rubuta cewa kakanninmu duka waliyyai ne da suka zo da carbi kawai. Ka faɗi cewa an yi cinikin bayi kuma namu sun sa hannu, don jikokin waɗanda aka saya maƙwabtanmu ne, wasu ma jininmu ne, kuma sun sani. Littafin da ya ɓoye wannan, su ba za su yarda da sauran abin da ke cikinsa ba, kuma suna da gaskiya. Inda ruwaya ta saɓa, ka kawo duka biyun: gidan wane sun ce kaza, gidan wane sun ce kaza. Malaman hadisi ma haka suka koya mana, a faɗi daga wa aka ji.

Masu dariyar majalisa kuma, waɗanda in sun ji wane yana rubutu sai su ce, "Wa ya aike shi? Shi da bai gama firamare ba," ina da tambaya ɗaya gare ku. Ku da kuka gama, ina naku? Mutum ya kawo shafi goma da kuskure ashirin, ya fi mai digiri biyu da bai kawo komai ba sai gyaran na wasu a baki. In ka ga kuskure, ɗauki biro ka gyara masa, ko ka rubuta naka ka ƙaryata shi. Haka ilimi yake ƙaruwa. Amma ka kashe wa mutum gwiwa da dariya, sannan gobe ka zauna kana kukan yaran yanzu ba su san tarihi ba, wannan kam ba adalci ba ne.

Ga wanda ya ji maganar nan ta shige shi, kada ya ce zai rubuta tarihin Hausawan Adamawa gaba ɗaya. Wannan buri shi yake kashe aiki tun ba a fara ba, kamar mai jarin tire ne ya ce sai ya cika tirela. Sayi littafin rubutu mai falle sittin. Zaɓi tsoho ɗaya, ko tsohuwa ɗaya, don su iyayenmu mata sun fi riƙe zancen dangantaka da aure, wa ya auri wa, wa ya goyi wa. Je da goronka bayan La'asar, ka nemi izini ka kunna rikodar waya. Kada ka ce "ba ni tarihi", zai rasa ta inda zai kama. Tambaye shi abu ƙarami: wa ya haƙa rijiyar nan, nawa ake sayar da mudun gero shekarar da ya yi aure, ina kasuwa take kafin a tashe ta, yana ina aka ce an yi jihar Gongola a 1976. Tsoho ba ya riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru yake riƙe ta, don haka ka tambaye shi ko kafin rasuwar Sardauna ne ko bayanta, ko zamanin yaƙin basasa ne, ko Lamiɗo Aliyu Musdafa ya riga ya hau. A daren nan ka kwafe abin da ya faɗa, ka sa sunansa da ranar da kuka zauna a saman shafi. In ka gama ka koma ka karanta masa, zai gyara maka, kuma wallahi a nan ne zai tuno abin da ya fi na farko daɗi.

Kuma kada a ajiye kwafi ɗaya tak. Mun ga abin da ruwa ya yi wa gidajen bakin kogi a 2012 da 2022 da aka saki madatsar Lagdo, mun san gara, mun san gobarar kasuwa. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ba wani ɗan'uwa a wata unguwa.

Matasa kuma da suke ganin ba su da tsohon labari, kuna da naku. A ƙarshen 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, kun ga yadda mutane suka kwararo garin nan daga Mubi da Michika da Madagali, wasu a ƙafa. Kun ga gidan da yake da mutum goma ya koma arba'in, kun ga masallatai da coci-coci suna rabon abinci, kun ji ƙarar bam a kasuwa da masallacin Jambutu a 2015, wasunku sun ɗauki gawa. Yaran da aka haifa a shekarar nan sun fara girma, kuma abin da za su samu a rubuce shi ne rahoton ƙungiyoyin agaji da Turanci, adadi kaza sun zo, buhu kaza aka raba. Sunan matar da ta sayar da akuyarta ta ciyar da baƙin da ba ta taɓa gani ba, ba ya cikin rahoton kowa. Ku kuka san ta.

Duk wanda ya cika shafi biyar, da boko ko da ajami, ya kawo mini shago ko ya same ni a masallaci bayan La'asar ranar Asabar, mu karanta tare, in ya so mu roƙi masu wannan mujalla su ba shi fili a fitowa ta gaba. Wanda hannunsa yake rawa ko idonsa ya yi rauni ya aiko a gaya mini, akwai ɗalibai biyu a Islamiyyarmu masu kyan rubutu da suka yarda za su riƙa zuwa gida suna rubuta wa dattawa, ranar Alhamis da Juma'a da babu karatu.